Daga Ruwan Bagaja zuwa Tsibirin Biri: Nazari a kan Gadon Labarin Nema

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1990 wani kamfanin Amurka mai suna Lucasfilm Games ya fitar da wasan kwamfuta da ake kira The Secret of Monkey Island, watau asirin tsibirin biri. Bayan shekara 32, a 2022, wanda ya ƙaga wasan, Ron Gilbert, ya sake fitar da ci gabansa, ya kuwa tarar da masu jiransa, waɗanda suka yi wasan suna yara har suka zama iyaye. A ƙasar Hausa kuma littafin Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam ya haura shekara 90 a hannun masu karatu, tatsuniyar da ya ari sunanta kuwa ta girme shi nesa ba kusa ba.

Irin wannan wasa bai yaɗu a ƙasar Hausa a zamaninsa ba, domin a lokacin kwamfuta ba ta shiga gidajen jama'a ba. Duk da haka ya cancanci manazarcin adabin Hausa ya dube shi, saboda ginshiƙinsa ɗaya ne da na Ruwan Bagaja, watau labarin nema: tauraro ya bar gida don ya samo wani abu mai wuyar samu, ya yi ta cin karo da matsaloli, ya warware su da dabara. Wannan maƙala za ta kwatanta ayyukan ta fuskar zubi da tsari, da halin tauraro, da hukuncin kuskure. Daga nan za ta duba abin da magadan kowannensu suka ɗauka da abin da suka bari.

2.0 Wasan Nuna-ka-latsa

Wasannin labari na kwamfuta sun faro ne da rubutu zalla. A 1976 Will Crowther ya shirya wasan yawo cikin kogo, inda kwamfuta ke bayyana wuri da kalmomi, mai wasa kuma ya rubuta umarni. A 1980 Roberta Williams ta haɗa irin wannan wasa da zane a Mystery House, sannan a 1984 kamfaninsu na Sierra ya fitar da King's Quest. Matsalar waɗannan wasanni ita ce dole mai wasa ya canki ainihin kalmar da injin ya sani, in ya kuskure ta ko da ya gane mafita ba zai wuce ba. Gilbert da abokin aikinsa Gary Winnick suka kauce wa wannan a Maniac Mansion na 1987. Suka jera aikatau a ƙasan allo, kamar buɗe da ɗauki da ba, sai mai wasa ya nuna aikatau da linzamin kwamfuta ya latsa, ya nuna abin da ke cikin hoton ya latsa, jimla ta haɗu. Wannan ne muke kira nuna-ka-latsa, kuma duk malamin nahawu zai lura cewa ginin jimla ne aka mayar wasa.

Tauraron Monkey Island saurayi ne mai suna Guybrush Threepwood, wanda ya iso wani tsibiri da burin zama ɗan fashin teku. Manyan 'yan fashin suka ɗora masa jarrabawa uku: ya rinjayi gwanar takobi, ya sato wani gunki daga gidan gwamna, ya tono wata dukiya da aka binne. Kafin ya gama murnar cinye su, wani fatalwan ɗan fashi mai suna LeChuck ya sace gwamnar tsibirin, Elaine Marley, sai neman ya koma kanta. Aikin mai wasa shi ne ya zaga wurare, ya zanta da mutane, ya tsinci tarkace ya adana, sannan ya gano inda kowane tarkace zai yi amfani. Alal misali, akwai wata kazar roba da aka sa wa ɗan wili a tsakiya, wadda ba a ganin ranarta sai an iso wata igiya da aka ɗaura tsakanin tsibiri biyu. Gilbert ya rubuta wasan tare da Tim Schafer da Dave Grossman, kuma barkwanci ne gishirinsa daga farko har ƙarshe.

3.0 Labarin Nema a Ƙasar Hausa

Bahaushe bai koyi labarin tafiya daga littafi ba, a ƙafa ya koye shi. Garin Bebeji da ke kudancin Kano yana cikin cibiyoyin Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja, kuma a nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877. Ayarin fatake kan shafe watanni a hanya a ƙarƙashin madugu, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasashen da sai an biya fito ko an yi lallashi kafin a wuce. Kowane zango da irin mutanensa da irin matsalarsa, kuma falken da ya dawo gida yakan dawo da goro da labari. Al'ummar da ta ce tafiya mabuɗin ilimi, ta kuma ce matambayi ba ya ɓata, ta riga ta san ƙa'idojin labarin nema tun kafin a rubuta shi.

3.1 Tatsuniyar Ruwan Bagaja

A yawancin ruwayoyin tatsuniyar, 'yar mowa ce ta ɓata ƙirgin da suke kwana a kai, aka ɗora wa 'yar bora laifin, aka kore ta ta je ta wanko shi a Ruwan Bagaja. A hanya ta riƙa tarar da koguna na abinci iri-iri, tana tambayar kowanne ko shi ne wanda take nema, kowanne yana yi mata tayi, tana godiya tana wucewa. Bayan ta yi wankin sai ta faɗa wata bukka inda ta sami cinya da kare, cinya na gurnani kare na fassarawa. Ta gaishe su da ladabi, ta yi duk aikin da suka sa ta ba tare da ta yi musu dariya ba. Da za ta tafi aka ba ta zaɓin ƙwai, ta ɗauki ƙarami, aka kuma gargaɗe ta kada ta fasa shi inda ta ji muryoyi na zuga ta, sai inda ta ji shiru. Ta kiyaye, ta koma gida da dukiya da dawaki. 'Yar mowa ta bi sawunta, ta ci abincin kogunan, ta raina masu bukka, ta zaɓi babban ƙwai, ta fasa shi inda aka hana, ta koma gida cikin wulaƙanci.

3.2 Littafin Abubakar Imam

An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911, ya rasu a 1981. Yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya shiga gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a 1933, gasar da ta haifar da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A littafinsa, Alhaji Imam na Kwantagora ne ke ba Koje Sarkin Labari tarihin kansa: yadda aka kunyata Liman, mijin uwarsa, a fada don ya ce Ruwan Bagaja zai warkar da ɗan sarki, da yadda ya ɗauki alwashin samo ruwan, da garuruwan da ya ratsa tun daga Tambutu, da karonsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, har ya kai ga ƙasar aljannu ya ɗebo ruwan ya komo. Imam da kansa ya bayyana a tarihin rayuwarsa, wanda Abdurrahman Mora ya shirya aka buga a 1989, cewa daga Muƙamatul Hariri ya samo dabarar haɗa mutum biyu masu gasar wayo. Ashe ke nan tun a tushensa littafin aro ne da aka yi wa gyaran gida, kuma wannan darasi ne da za mu koma kansa.

4.0 Kwatanci

4.1 Zubi da Tsari

Abu na farko da ya haɗa ayyukan uku shi ne an gina su zango-zango. Tauraro ba ya wuce zango sai ya biya abin da zangon ke nema. To amma ƙarfin ɗaurin ya bambanta. A wasan, kowace matsala mabuɗi ce ta wadda ke gabanta: sai ka sami kuɗi za ka sayi takobi, sai ka riƙe takobi za a koya maka faɗa, sai ka iya faɗa za ka tunkari gwanar. In aka zare guda, sauran sun rushe. Haka tatsuniyar take. Ƙin cin abincin koguna, da ladabi a bukka, da zaɓin ƙwai, da wurin fasa shi, sarƙa ce guda, kuma ƙwan nan shi ne ainihin abin da masu shirya wasa ke nufi da kayan da ake adanawa sai an iso inda ya dace.

Littafin Imam ya fi su sako-sako a nan. Da zarar Zurƙe ya shigo, sai neman ruwan ya koma gefe, labarin ya zama jerin ramuwar gayya daga gari zuwa gari. Ana iya sauya wa da yawa daga cikin waɗannan aukuwa wuri, ko a cire wasu, ba tare da jigon ya girgiza ba. Kuma idan aka zo ga samun ruwan, taimakon tsofaffin bayin Allah da aljannu ne ya kai Alhaji, wayon da ya yi ta nunawa a hanya bai taka rawar kirki ba. Wannan rauni ne na gaske a tsarin littafin, ko da yake daɗin bakin marubucin yakan hana mai karatu lura da shi. Saboda haka ta fuskar tsari, tatsuniyar da tsofaffi mata ke yi wa jikokinsu ta fi littafin kusa da wasan.

Akwai kuma dabarar labari cikin labari. Kamar yadda Alhaji ke ba Koje labarin kansa, haka Guybrush ke ba Elaine labarin kansa a wasa na biyu na 1991, yake kuma ba ɗansa a na 2022. A duka biyun an bar wa mai sauraro ƙofar shakka, domin mai ba da labarin mutum ne da aka sani da ƙarin gishiri.

4.2 Tauraro da Makaminsa

Ta fuskar hali kuwa, littafin ne ɗan'uwan wasan. Alhaji da Guybrush duk ba jarumai ba ne irin Ganɗoki. Ba su da ƙarfin damtse, kuma ba su cika damuwa da halaccin hanyar da suka bi ba, jikokin Gizo ne. Makaminsu harshe. A wani gari Alhaji ya yi shigar malanta alhali ba shi da karatun, Zurƙe ya zo ƙure shi a bainar jama'a. Alhaji ya zana wata 'yar lanƙwasa a ƙasa ya ce a faɗi ko mece ce. Zurƙe ya yi ta kawo sunayen haruffa, Alhaji ya ce jinjirin wata ne, jama'a suka bi bayan jahili suka kori mai ilimi. Dariyar da ke nan tana da ɗaci, don kuwa suka ce ga al'ummar da ke auna malami da rawani da ƙarfin hali.

Mafi shaharar ɓangaren Monkey Island shi ma faɗan baki ne. Idan aka zare takubba, abokin karo yakan jefo baƙar magana, kai kuma ka zaɓi amsar da ta dace da ita, wanda ya fi iya mayar da martani shi ke ci gaba. Mai wasa yana tara maganganun ne ta hanyar shan kaye a hannun ƙananan 'yan fashi. Da ya isa gaban gwanar takobi sai ta zo da sababbin maganganu da bai taɓa ji ba, dole ya auna ma'anarsu ya ga wace tsohuwar amsa ce za ta hau. A nan hadda ba ta wadatar ba, sai fahimta. Bahaushe ba baƙo ne ga wannan fage ba. Yana da ba'a tsakanin taubasai da tsakanin garuruwa, da habaici, da zambo, da kirarin 'yan dambe kafin a gwabza, da karin magana mai ɓari biyu wadda babba ke faɗin farkonta ya bar yaro ya cike. Abin da Turawa suka yaba a matsayin sabuwar dabara, a wurinmu tsohuwar tarbiyyar harshe ce.

4.3 Kuskure da Hukuncinsa

A wasannin Sierra na farko, ƙaramin kuskure kan kashe tauraro, ko kuma mutum ya manta wani abu a baya ya maƙale ba gaba ba baya. A wata maƙala da ya rubuta a 1989 Gilbert ya soki wannan, sa'an nan ya gina Monkey Island yadda kusan babu mutuwa a cikinsa kuma babu maƙalewa. Mai wasa yana da 'yancin gwada kowace wauta, sakamakonta dariya. Wannan ita ce babbar gudummawar wasan ga waɗanda suka biyo baya. Kacici-kacicin Hausa ma haka ya tanada: wanda ya kasa amsa sai ya ba da gari, a gaya masa amsar, a ci gaba da wasa da shi. Ba a korar yaro daga dandali don ya kasa.

To amma a nan ne tatsuniyar ta nuna abin da wasan ya gaza. 'Yar mowa ta san hanya, domin an riga an bi ta an ba ta labari. Tana kama da mai wasan da aka rubuta wa dukkan amsoshi a takarda. A Monkey Island irin wannan mutum zai kai ƙarshe ba tare da tangarɗa ba, saboda abin da wasan ke aunawa shi ne sani da lura. A tatsuniyar kuwa sanin hanya bai cece ta ba, saboda abin da ake aunawa shi ne hali. Guybrush yana kwashe duk abin da hannunsa ya kai gare shi, kuma ba a taɓa tuhumar mai wasa a kan haka. Tatsuniyar tana saka wa mai kamewa, littafin yana saka wa mai wayo, wasan yana saka wa mai naci. Duk wanda zai ɗauki ɗayansu ya zuba a mazubin ɗaya, wajibi ne ya san da wannan bambanci.

5.0 Magada

Kasuwar wasannin nuna-ka-latsa ta ja baya a ƙarshen shekarun 1990, kuma a 2013 aka rufe sashen shirya wasanni na LucasArts, sunan da kamfanin ya koma amfani da shi, bayan Disney ta sayi Lucasfilm a 2012. Amma gadon bai mutu ba, ta hanyoyi uku. Na farko, adanawa: tun 2001 masu sha'awa suka shirya manhajar ScummVM don tsofaffin wasannin su ci gaba da aiki a sababbin na'urori. Na biyu, tallafin jama'a: a 2012 Tim Schafer ya nemi gudummawa ta Kickstarter don sabon wasa irin na da, aka tara masa sama da dala miliyan 3. Na uku, sabuntawa: tsofaffin ma'aikatan LucasArts sun kafa Telltale a 2004, kuma a wasansu The Walking Dead na 2012 sun mayar da nauyi kan zaɓin da ke bayyana halin mai wasa, watau sun doshi gurbin da muka ce tatsuniya ta riga ta cike.

Magadan Imam fa? Labarin nema ya ci gaba a Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da Tauraruwar Hamada na Sa'idu Ahmad Daura, har Umaru Dembo ya kai shi sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. A zamanin adabin kasuwar Kano, wanda ya bunƙasa daga shekarun 1980, marubuta irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun cika kasuwa da labaran yaƙi da matsafa. Sai dai idan aka duba da kyau, yawancin waɗannan sun gaji aljannu da takubba da tafiya mai nisa, sun bar Zurƙe a baya. Tauraronsu yana cin nasara da ƙarfi ko da tsafi, ba safai yake cin ta da magana ba. Ganɗoki ya sami 'ya'ya da yawa, Alhaji Imam kuwa kaɗan. Shi kansa littafin ya zama abin da ɗalibi ke haddace jigonsa da sunayen taurarinsa don jarrabawa, abin da aka rubuta don a yi dariya ya koma abin tsoro.

A ɗaya gefen, tun shigowar wayar salula Nijeriya a 2001 wasan na'ura ya isa hannun yaran karkara, kuma gidajen wasan ƙwallo na PlayStation sun zama dandalin samari a garuruwa. Lokacin da yaro ke bayarwa a da ga tatsuniya da kacici-kacici, yanzu kaso mai yawa na tafiya can, cikin harshen da ba nasa ba.

6.0 Kammalawa

Wannan nazari ya nuna cewa tatsuniyar Ruwan Bagaja tana da tsarin da wasan nuna-ka-latsa ke buƙata, littafin Imam yana da tauraro da barkwancin da ya dace da shi, kuma adabin bakan Hausa yana da faɗan baki da sassaucin hukunci waɗanda suka ɗaukaka Monkey Island. Wasu al'ummu sun riga sun gwada irin wannan aiki. A 2014 'yan asalin Alaska sun haɗa kai da masu shirya wasa suka fitar da Never Alone bisa wata tatsuniyarsu, da harshensu na Inupiyak a bakin mai ba da labarin, kuma a 2016 kamfanin Kiro'o na Kamaru ya fitar da Aurion. Ƙasar da ta haɗa Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, mai madatsar Tiga da tafkin Bagauda da dajin Falgore da duwatsun Riruwai da tarihin ayarin Gwanja, ba ta rasa zangunan da za a gina labarin nema a kansu ba.

Sai dai aikin ya wuce a zuba tsohon labari a sabon mazubi. Dole a ɗaure aukuwar littafin su zama sarƙa, a nemo hanyar da wasa zai auna hali kamar yadda tatsuniya ke yi, a kuma sake duba wuraren da gargajiya ta mai da naƙasassu alamar azaba, kamar a ƙarshen labarin 'yar mowa. Waɗannan matsaloli ne na adabi kafin su zama na injiniya, don haka sassan koyar da Hausa na jami'o'inmu suna da haƙƙin shiga cikinsu, tun daga tattara ruwayoyin tatsuniyar a bakin waɗanda suka rage suna yin ta, har zuwa horar da ɗaliban da za su iya rubuta zance mai rassa. Imam ya ɗauki dabarar Hariri ya sa mata rigar Kwantagora har aka manta baƙuwa ce. Wanda ya yi wa dabarar Gilbert irin wannan aiki, shi ne zai fi cancanta a kira shi magajin Imam.